Yadda Zaka Tsara Gyara, Ragi da Tukuici Ga Kwastomominka Na Onlayin Ba Tare Da Ka Cinye Jarinka Ba

Tambaya ɗaya ce take ta dawo min daga masu sayar da kaya ta waya a nan Kaduna, masu humra da turaren wuta, masu atamfa da leshi, masu kek da cincin, har da samarin nan masu takalma da agogo: wai ya ake yin firomo ɗin nan ne, wato ragi ko kyauta dan jawo masu saye, mutum ya ga ciniki kuma bai karye ba? Wasu sun yi ragi oda ta yi ta shigowa amma ƙarshen wata ba kuɗin saro sabon kaya, wasu sun yi rabon kyauta mabiya sun ƙaru sosai amma ko mutum ɗaya bai tambayi farashi ba. Toh ga matakan nan bi da bi, dan Allah a bi su yadda na jera su, musamman na farko, shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa.

Abubuwan da zaka tanada ba su da yawa: waya mai WhatsApp Business, kyauta ake sauke shi, sai littafi mai layi da biro ko manhajar jadawali ta Google Sheets in hannunka ya faɗa da ita, sai kalkuletar wayarka, sai kuma asusu na kasuwanci daban da na cefanen gida, ko na banki ko irin su Opay, Moniepoint da PalmPay.

1. Fara sanin ribarka a kan kaya ɗaya

Kar ka sanar da komai sai ka zauna ka yi wannan lissafin. Ba ribar da kake ji a ranka ba, ribar da ke rage maka bayan an cire komai da komai.

Mu ɗauki misali da mai humra, lambobin na misali ne, kowa ya sa nasa. A ce kina sayar da kwalba ɗaya naira 8,000. Kayan haɗi sun ci 5,000, kwalba da sitika da leda 500, data da kuɗin Keke zuwa kasuwa in an raba a kan kowace kwalba 300. Jimla 5,800 kenan, ribarki 2,200.

Yanzu ki ce zaki yi ragin kashi 10 cikin ɗari. A kunne ƙaramin abu ne, amma naira 800 ce, kuma ba daga 8,000 take fita ba, daga cikin 2,200 ɗin nan take fita, saura 1,400. Da can in kin sayar da kwalba 10 kina da 22,000, yanzu sai kin sayar da 16 kafin ki ga wannan kuɗin. In kuma zuciya ta ɗebe ki kika ce kashi 20, kin ba da 1,600, saura 600, sai kin sayar da kwalba 37 kafin ki kamo ribar kwalba 10. Kinga wahala ta ninku kusan sau huɗu, kuɗin kuma bai motsa ba.

Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce, ga tsohon kwastoma kar abun da zaka ba shi ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ribar da ka ci a kansa. Ga sabon kwastoma a cinikin farko kana iya kaiwa rabi, saboda kana sa ran zai dawo. Wannan ra'ayina ne ba doka ba, amma ka sa wa kanka iyaka ka rubuta ta a shafin farko na littafin.

Gargaɗi: ka yi lissafin da farashin da zaka saro kayan gobe, ba wanda ka saro watan jiya ba. Duk mai shiga Kasuwar Barci ko babbar kasuwa ta Sheikh Gumi ya san farashi ba ya jiran kowa. Sannan kar ka manta da cajin tiransifa da na masu POS, ƙanana ne amma suna taruwa.

2. Zaɓi abu ɗaya da kake so kwastoma ya yi

Lada ana ba da shi ne a kan aiki. Wane aiki kake so? Ya dawo ya sake saye, ko ya ƙara yawan abun da yake saye a lokaci ɗaya, ko ya kawo maka wani, ko ya biya kafin a kai masa, ko kuma ya kwashe maka kayan da suka kwanta. Ɗaya zaka ɗauka, in ka gama da shi ka koma na gaba.

Littafin cinikinka ne zai gaya maka wanne. In mutane suna saye sau ɗaya su ɓace, tsarin dawowa kake buƙata. In kana da 'yan kwastomomi kaɗan masu amana amma ba sababbi, tsarin kawo wani. In abun da ke damunka shi ne a yi oda a kai kaya har ƙofar gida a ce an fasa, toh ladanka ya tafi ga mai biya tun farko.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ba da lada a kan laik da folo da kwament. Waɗannan ba sa saro kaya.

3. Zaɓi irin ladan da ya dace da aljihunka

Gyara. A wajena ita ce ta ɗaya, kuma mutanenmu sun saba da ita tun daga wajen mai tumatir da mai ƙosai. Amfaninta shi ne abun da kwastoma yake gani ya fi abun da ka kashe. Ƙaramar kwalbar turare da ta tsaya miki a 400 amma kina sayar da ita 1,000, in kin sa ta a leda kwastoma dubu ɗaya ta gani, ke kuma 400 ce ta fita, rabin ragin kashi 10 ɗin can kenan, ga shi farashinki bai taɓu ba. Ƙari a kan haka ta ɗanɗana wani kayan naki da wataƙila bata taɓa saye ba, gobe shi zata yi oda. Mai leshi ya sa ɗankwali ko ɗan mayafi, mai takalmi ya sa safa, mai kek ta sa 'yar robar cincin. Gargaɗi: kar a yi gyara da abun da ya kusa lalacewa ko ya wuce lokacinsa. In na ci ne ko na shafawa na kamfani, duba ranar ƙarewa da lambar NAFDAC kamar yadda zaka duba wa kanka. Gyarar da ta ɓata wa mutum ciki ko fata ta kashe cinikin gaba ɗaya.

Ragi. Yana da wurinsa amma ka yi hattara da shi, dan in ka saba wa mutane duk ƙarshen wata akwai ragi, zasu daina saye a tsakiyar wata su zauna jira. Ka ajiye shi dan kayan da suka kwanta ko yayinsu ke wucewa, ka sa masa ranar farawa da ranar ƙarewa. Sannan a wajenmu ko ka rubuta farashi sai an taya, dan haka ka faɗa tun farko cewa farashin ragi ba a ƙara tayawa. Ka riƙa faɗinsa da naira, an cire 500, ya fi shiga kai a kan kashi kaza cikin ɗari. Gargaɗi babba: kar ka ɗaga farashi daga 8,000 zuwa 10,000 da dare, da safe ka ce an yi ragi zuwa 8,000. Algus ne, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita ta hana yaudarar mai saye a kan farashi. Balle kwastomomi suna ajiye hoton tsohon sitatus ɗinka.

Kai kaya kyauta. Mutane suna son wannan sosai, dan sau da yawa kuɗin dilibari ne ke sa a fasa oda. Amma kar ka ce kyauta ga kowa, sa masa mizani. A misalinmu, a ce ɗan saƙo yana karɓar 1,500, sai ki ce duk wadda ta sayi kwalba biyu za a kai mata kyauta. Ribar biyu 4,400, a cire 1,500 saura 2,900, ya fi 2,200 da zaki samu in ɗaya ta saya. Gargaɗi: ki faɗi unguwanni da sunansu. Kaduna tana da tsawo, in kina Unguwar Dosa, kai kaya Kawo ko Malali ko Badarawa ba ɗaya yake da Barnawa ko Sabon Tasha ba, haka Rigasa da Mando da Rigachikun kowanne da kuɗinsa. In kika rubuta cikin garin Kaduna kawai, ki shirya rigima. Na Zariya, Kafanchan, Kano da Abuja da ake sa wa a mota, ki ce zaki kai tasha kyauta, kuɗin direba na mai kaya ne.

Kati ko data. Sauƙin turawa gare su, ba ɗan saƙo ba leda, sun fi dacewa da tukuicin wanda ya kawo wani. Matsalarsu kuɗi ne tsaba ke fita, 500 ɗin 500 ce. In da hali ka ba mutum zaɓi, katin 500 ko a cire masa 700 a cinikinsa na gaba, da yawa zasu ɗauki na biyun kuma kuɗin ya dawo shagonka.

Fifiko. Wannan ko sisi ba ya ci. Sabon kaya ya iso, ka fara tura wa manyan kwastomominka kwana ɗaya kafin ka sa a sitatus, su zaɓi kalar da suke so. Ga masu ɗinki da masu kayan Sallah, ka ajiye musu gurbi tun kafin azumi ya raba. Akwai Hajiyar da ragin 500 ba zai motsa ta ba, amma ta ji an ce ita aka fara nuna wa, shikenan ta zama taka.

4. Rubuta sharuɗɗa, gajeru, kafin ka sanar

Layi biyar zuwa shida sun isa: wa ya cancanta, me zai yi, me zai samu, daga yaushe zuwa yaushe, guda nawa ne, sannan ko ana haɗa shi da wani firomo. Ga samfuri:

Daga 1 zuwa 14 ga wata, duk wanda ya sayi kayan naira 16,000 zuwa sama a oda ɗaya kuma ya biya kafin a kai, zai samu ƙaramar kwalbar turare kyauta. Guda 30 ne, in sun ƙare an rufe. Ba a haɗawa da ragi, ba a canza kyautar da kuɗi.

Ka karanta wa wani a gida wanda bai san kasuwancinka ba, in ya yi tambaya toh akwai gyara a rubutun. Sa adadi yana kare ka, dan in abu ya karɓu fiye da zatonka ba zaka shiga bashin alkawari ba. Amma in ka ce 30 ne, 30 ɗin ne, kar kullum ka riƙa rubuta saura uku alhali kwali cike yake.

5. Buɗe rajista

Ba a riƙe wannan a ka. Ka ja layuka a littafi: suna, lambar waya, unguwa, rana, abun da aka saya, kuɗin, wanda ya kawo shi, ladan da ya samu, an ba shi ko ba a ba shi ba. Duk odar da ta shigo ka rubuta a ranar.

In tsarin dawowa kake yi, nan zaka riƙa ƙirga. Misali saye biyar, a na biyar akwai kyauta. Ribar saye biyar a misalinmu 11,000 ce, kashi ɗaya cikin huɗu 2,750, dan haka kyautar da ta tsaya miki a 1,500 zuwa 2,500 ta yi daidai. Gargaɗi: kar ki ce sayi biyar ki samu ta shida kyauta ba tare da lissafi ba, kwalba ta shida 5,800 ta ci, fiye da rabin ribar duka biyar ɗin. Wannan tsarin ya fi dacewa da kayan da ribarsu ke da kauri. Sannan ki sa mafi ƙarancin kuɗin da ake ƙirgawa, in ba haka ba wata zata raba odar 8,000 gida huɗu dan ta cika adadi da wuri.

Kar ka sa matakin ya yi nisa. Saye goma ga mai atamfa zai iya ɗaukar shekara biyu, mutum ya manta ma yana ciki. Mai abinci da abun sha da ake saye duk sati shi zai iya sa goma, mai tufafi uku ya isa.

A WhatsApp Business kana iya maƙala wa kowace hira alama, ka yi guda huɗu: sabo, ya dawo, babban kwastoma, ana bin mu bashin kyauta. Bayan kowane ciniki ka tura ɗan saƙo, Hajiya an gode Allah ya ƙara buɗi, wannan shi ne na uku, saura biyu kyautarki ta fito. Wannan tunin shi ne rabin aikin.

Gargaɗi: lambobi da adireshin mutane amana ne. Kar ka sayar, kar ka ba abokin sana'a, kar ka sa hoton hira a sitatus da suna da lamba a fili. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko ba doka, matar aure ta ga lambarta tana yawo daga wajenka ai ka rasa ita da danginta.

6. Sanarwa, daga na kusa zuwa na nesa

Fara da tsofaffin kwastomomi, ka tura musu kai tsaye da sunansu kwana ɗaya ko biyu kafin kowa. Sannan sitatus, sannan Instagram, Facebook da TikTok. Sitatus awa 24 yake yi ya sauka, dan haka kullum sai an sabunta, amma hoto biyu ko uku sun isa, in ka jera talatin za a yi maka shiru ne kawai a wuce. Hoton kyautar na gaske zaka sa, a hannunka, da girmanta yadda take.

Burodkas na WhatsApp, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma wanda ya ajiye lambarka ne kaɗai saƙon zai isa gare shi, shi ya sa tun a cinikin farko ka roƙi kwastoma ya ajiye. Gargaɗi: kar ka kwashi lambobi daga guruf ɗin biki ko na Islamiyya ko na coci kana tura talla, kuma kar ka jefa mutane a guruf ba izininsu. In suka yi ta kai ƙararka WhatsApp na iya rufe layin, ka rasa hirarrakin kwastomominka duka.

Lokaci ma yana da tasiri. Kaduna garin ma'aikata ne, daga wajen 25 ga wata zuwa satin farko na sabon wata an fi sakin kuɗi. Sai kafin Sallah ƙarama da babba, Kirsimeti, komawar yara makaranta a Satumba, da lokacin bukukuwa. Amma ga wani abu, satin Sallah da ma za a saya ko ba ragi, toh me ya kai ka rage farashi? A lokacin ka yi gyara kawai, ka kuma ba da takardar ragi da za a yi amfani da ita bayan Sallah, lokacin da kasuwa ke yin sanyi.

7. Tsarin kawo wani

Wannan ne ya fi kawo kwastoma mai kyau, dan wadda yayarta ko maƙwabciyarta ta turo ta riga ta yarda da kai kafin ta yi sallama. Yadda zaka yi: duk tsohon kwastoma ka ba shi lamba tasa, sunansa da lambobi biyu na ƙarshen wayarsa ma sun isa. Sabon da ya zo ya faɗi lambar tun kafin ya biya. Shi sabon a cire masa 500, wanda ya turo shi ya samu 500. A misalinmu 1,000 ta fita daga 2,200, saura 1,200 a cinikin farko, daga na biyu riba ta dawo cikakkiya.

Ladan ya tafi ɓangare biyu, saboda mutum yana jin nauyin tallata abu ga ɗan uwansa in shi kaɗai zai amfana, amma in ya san ɗan uwan ma zai samu sauƙi, da ƙarfinsa zai faɗa.

Gargaɗi na ɗaya: ba a biyan tukuici sai kuɗi sun shiga, kaya sun isa, kuma an kwana biyu ba a dawo da su ba. Ka buɗe manhajar asusunka ka ga kuɗin da idonka, hoton risit da saƙon alat duk ana ƙirƙirarsu. Na biyu: wasu zasu turo kansu da layinsu na biyu. Ka duba sunan asusun da ya biya da adireshin da za a kai, in iri ɗaya ne da na mai lambar ka yi magana cikin mutunci. Na uku: in mutum biyu suka ce su suka kawo, wanda mai sayen ya ambata da bakinsa shi ne, ka sa wannan a sharuɗɗa. Na huɗu: lada a kan ciniki ne kawai, ranar da ka fara karɓar kuɗin rajista kana cewa kawo mutum uku su ma su kawo uku, ka bar kasuwanci ka shiga wani abu daban wanda ya sha cinye kuɗin mutane.

In wani yana kawo maka mutane da yawa duk wata, wannan ya wuce tukuici, ku zauna ku yanka la'ada a kan kowane kaya ku rubuta.

8. Cika alkawari da sauri

Gyara ta tafi cikin leda ɗaya da kayan, ka ɗauki hoto kafin ka ɗaure, ka gaya wa kwastoma abun da ke ciki saboda kar ta maƙale a hanya. Kati ko data ka tura a ranar da ya cancanta, kar ka bari sai ya tambaya, mutum ya fara bin ka bashin kyauta daɗinta ya riga ya tafi. In kyautar da ka faɗa ta ƙare kafin adadi ya cika, ka ba da wadda ta fi ta, ba wadda ta gaza ba.

Bayan kwana biyu ka tambayi yadda aka ga kayan. In an yaba, ka nemi izini kafin ka sa a sitatus kuma ka rufe suna. Kar ka sayi yabo, ma'ana ka ce sai wanda ya yabe ka zai samu kyauta, Google ma ya hana ba da lada dan a rubuta maka sharhi a shafin kasuwancinka, kuma masu karatu suna gane yabon da aka biya.

9. In dole sai ka yi rabon kyauta

Na sa shi kusa da ƙarshe ne saboda shi aka fi so kuma shi ya fi rashin amfani. Ka ce zaka raba kuɗi ko data ga duk wanda ya yi folo, waɗanda zasu cika maka shafi 'yan neman bulus ne, daga shafi zuwa shafi suke yawo, ranar da aka gama su watse. In zaka yi, kyautar ta zama kayanka ne, saboda mai sha'awar kayan ne kawai zai shiga.

Kar ka karɓi ko naira ɗaya a matsayin kuɗin shiga ƙuri'a, kuma kar ka ƙara farashin kaya dan ka fanshe, wannan caca ce. Mafi tsafta shi ne wanda ba sa'a a ciki: mutum 20 na farko, ko wanda ya fi kawo masu saye a wata. In kuma babban abu zaka yi irin su firji ko keken ɗinki da ƙuri'a, ka fara tuntuɓar FCCPC da hukumar jiha mai kula da harkar ƙuri'a da caca ka ji ƙa'idarsu, ka kuma tambayi malaminka.

Facebook ya hana sa sharaɗin cewa sai mutum ya sa tallan a shafinsa ko ya yi tag ɗin abokansa kafin ya shiga gasa, kuma shi da Instagram suna so ka rubuta cewa ba ruwansu da gasar. Ka fitar da wanda ya ci a bidiyo kai tsaye, 'yan gidanku kuma kar su shiga.

Gargaɗi mai muhimmanci: 'yan damfara suna buɗe shafi mai kama da naka su bi waɗanda suka shiga, su ce kun ci ku turo kuɗin dilibari, ko ku karanto lambobi shida da suka shigo wayarku, da su ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Ka rubuta a kan sanarwar cewa ba ka karɓar kuɗi a kan kyauta kuma ba ka tambayar kowace lamba, kai ma ka kunna tsaron mataki biyu a layinka, wato ƙarin lambar sirri da ake sa wa WhatsApp.

10. Bayan wata ɗaya ka zauna da littafin

Tambaya uku: nawa ka kashe a lada, ciniki nawa ya ƙaru, sannan mutum nawa cikin waɗanda suka zo dalilin firomo suka sake saye bayan an rufe. A ce kin kashe 12,000, kwalba 15 suka ƙaru a kan yadda kika saba, ribarsu 33,000, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ki ci gaba. In kuwa waɗanda da ma suke saye ne suka karɓi kyautar kuma adadi bai motsa ba, ki rage ladan ko ki canza aikin da kike ba da shi a kai. Ki kwatanta wata da irinsa, kar ki auna watan Sallah da watan da ya biyo bayansa.

Abu ɗaya zaka riƙa canzawa a lokaci guda, ko girman ladan ko mizanin ko lokacin, in ka canza duka ba zaka san wanne ya yi aiki ba.

In ka yanke shawarar rufe tsarin gaba ɗaya, ka ba da sanarwar sati biyu, ka bi alamar nan ta ana bin mu bashin kyauta ɗaya bayan ɗaya ka sallami kowa. Wanda ya kai huɗu cikin biyar ka tura masa saƙo daban ka ba shi dama ya cika kafin ranar rufewa, wanda kuma ya tsaya a biyu ko uku ka sa masa 'yar gyara a odarsa ta gaba, ka rubuta a littafi cewa an biya.